Takarda a Bayan Ma'auni

Kai da ka kwance ƙusoshin nan huɗu
bayan shekara ɗari, ko ɗari biyu,
sannu da aiki.
Kada ka kwantar da shi farat ɗaya:
akwai zaiba a ciki, kuma ba ta san wasa ba.

Sunana Ersilia. Kada ka neme shi a gaba.
A gaba kambin sarki ne, da zakuna biyu na tagulla,
can ƙasa, ƙanana kamar sawun tururuwa,
haruffan mahaifina: Eusebio Travella, Torino.
Daga bakin tafkin Como ya gangaro da ƙafa,
bututun gilashi goma sha biyu a goye cikin ciyawa,
ko ɗaya bai fashe ba.

Shekara talatin yana dafa zaiba a ɗaki marar taga
don ya kori iskar da ke maƙale cikinta.
Ya kore ta. Zaibar kuma ta shiga jininsa.
Haƙora suka tafi ɗaya bayan ɗaya,
hannu ya kama rawa
kamar ganyen inabi a ƙarshen kaka.
Ranar da manzon fada ya zo da buƙatar sarki,
Baba ya zauna a kan hannuwansa
har aka gama ciniki. Manzon bai lura ba.

To, ni na yi shi.
Ni na hura gilashin, leɓena ya ƙone sau biyu.
Ni na fere itacen zaitun,
na zana matakan a farantin azurfa:
Fari, Rana, Sauyi, Ruwa, Guguwa.
Yana bayana yana aiki da baki:
"Rage. Ƙara kaɗan. Tsaya nan."
Idonsa dai bai taɓa rawa ba.

Dubi ƙaramin da ke sama, ma'aunin danshi.
Silin gashi ke jan allurarsa:
in iska ta jiƙe ya miƙe, in ta bushe ya takure.
Nawa ne. Daga ƙeya na tsinke shi, na wanke da ruwan toka.
Duk safiyar da sarauniya ta leƙa
ta ga ko ranar siliki ce,
gashin 'yar mai hura gilashi take tambaya,
ba ta sani ba.

Wata Alhamis zaiba ta faɗi warwas,
ga farautar sarki washegari, ga baƙi daga Faransa.
Babban bafade ya zo da fitila:
"Ma'auninku ya lalace. A ɗaga allurar."
Baba ya ce, da bakin da ba haƙori:
"Allura tawa ce, sai in ɗaga.
Sama fa, wa zai hau ya sanar da ita?"
Aka fita farauta.
Ƙanƙara ta sauko kamar ƙwan kurciya,
dawakai uku suka karye a gangaren dutse.
Aka riƙe rabin kuɗinmu.
Don ya faɗi gaskiya ne, ko don bai tare ruwan ba,
har yau ba a gaya mana ba.

A hunturun nan ya rasu.
Yakan ce masuntan tafkinsu
gwiwa ke faɗa musu hadari, kyauta;
sarki ne kaɗai sai an ƙera masa gwiwar azurfa.

Yau an dawo mini da shi gyara,
shekara ashirin da shida ke nan.
Ka ga yadda alƙalamin ke tsallake layi?
Ta iso kaina.
Ni kuwa ba ni da 'yar da za ta ara mini hannu.

Saboda haka, baƙo:
in bututun ya tsage, sauya shi.
In gara ta ci katakon, sauya.
In za ka dafa zaiba, don Allah buɗe taga,
buɗe ta duka, ko da ana dusar ƙanƙara.
Gashin kuwa, gwada shi tukuna.
Kai shi bakin kogin Po da asuba, cikin hazo,
ka zuba wa allurar ido.
In ta motsa, ko da kaurin farce ne,
bar shi yadda yake.
Ban tashi daga aiki ba.